Filin Shawara: Wai ɗana ne yake tafiya yana dawowa?

Gwaggo, 'Ya'yana biyu sun rasu, babu wanda ya kai shekara uku. Yanzu ina goyon na uku, watansa takwas. An haife shi da tabo a bayan kunne, surukata kuma ta rantse irin na marigayin farko ne. Ta ce wabi nake yi, yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa. Har ta laƙaba masa Ajuji, tana so a kai shi wurin mai bori. Ƙanin mijina da ke jami'a ya ce shi bai yarda da bori ba, amma wai masana a Amurka sun tabbatar rai yana dawowa duniya. Kwanan nan hannuwan yaron da ƙafafunsa suka kumbura, kuka dare da rana. Kaina ya kulle.
Mai goyo, Funtuwa.

'Yata, Allah Ya jiƙan yaranki, Ya sa masu ceto ne, Ya raya wannan.

Mutumin da ƙanin mijinki ya ji labarinsa shi ne Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Bajiniya, wanda ya rasu a 2007. Ya shafe kusan shekara 40 yana bin labarin yaran da ke cewa suna tuna wata rayuwa, a Indiya, Siri Lanka, Labanan, har ƙasar Ibo, ya tara labarai fiye da 2,000. Hanyarsa daban take da ta masu kiran ruhohi, irin mabiyan Allan Kardec na Faransa, waɗanda suke karɓar abin da mai hawan ruhi ya faɗa a matsayin hujja. Shi kuwa shaidu yake tambaya, ya rubuta, ya duba takardun asibiti, ya gwada tabon yaro da raunin mamacin. Amma ko sunan littafinsa na 1966 cewa ya yi labaran suna nuni, bai ce sun tabbatar ba. Masu sukarsa sun kawo dalilai masu nauyi: yawancin labaran daga wuraren da dama an yarda da dawowar rai suka fito, ta bakin tafinta yake ji, kuma sau da yawa iyalan biyu sun riga sun haɗu sun sha hira kafin ya iso. Uwa ko kaka mai kewar ɗa ba sai ta yi ƙarya ba, zuciyarta ce ke ganin kama. Kimiyya ba ta karɓi wannan batu ba, malamanmu kuma sun karantar da mu cewa wanda ya mutu yana barzahu har tashin ƙiyama.

Abin da ya hana ni sukuni a wasiƙarki shi ne kumburin nan. Abin da muke kira wabi, Yarbawa na ce masa abiku, Ibo kuma ogbanje. A 2001 Esther Nzewi ta wallafa binciken da aka yi wa yara 100 da iyalansu ke ɗauka ogbanje ne. Gwajin jini ya nuna 70 daga cikinsu masu sikila ne. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi bayan wata shida yana cikin alamomin farko na sikila, wato amosanin jini. Idan ke da mijinki duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila, kuma cutar tana iya faɗawa kan yara uku a jere. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, domin akwai wasu dalilan, kamar saɓanin rukunin jinin uwa da jariri.

Gobe da safe ki kai shi babban asibiti, a gwada jininsa, da naki, da na mijinki. Ki faɗa wa likita yadda na farko da na biyu suka rasu, da shekarunsu. In zazzaɓi ya zo ko idanunsa suka yi rawaya, kada ki jira gari ya waye. Kada ki bari a yi masa tsaga ko a ɗura masa jiƙo. In sikila ce, akwai maganin kariya daga cututtuka da maleriya, da allurar rigakafi, yara da yawa suna girma har su yi aure.

Surukarki ma jikoki biyu ta binne, tsoro ne ke magana a bakinta. Ki sa mijinki ya roƙe ta ta raka ku asibitin, ta ji bayani daga bakin likita da kunnenta.
Gwaggonki.