Kada ku jefar da faifai kafin ku ji sautin da kunnenku

Wata Hajiya ta shigo shagona da tabilet naɗe cikin mayafi, jikanta na biye da ita. Ta ce, "Ɗana, muryar Malam ce ta ƙi fita." Mai gidanta ya rasu bara. Karatun da yake ba almajirai a zaure wani ɗalibinsa ya ɗauka a kaset, daga baya aka mayar kan faifan CD. Da rediyon da suke kunna faifan ta mutu, jikan ya kwashe fayafayan ya kai shagon turi, aka zuba a memori.

Na sa memorin a kwamfuta, gabana ya faɗi. Folda bakwai, ba abin da ke ciki sai Track01.cda, Track02.cda, kowanne bayit 44. Yaron shagon bai tatso komai ba. Buɗe faifan ya yi, ya kwafi abin da ya gani, ya karɓi kuɗi. CDA ba sauti ba ne, alama ce da Windows ke nunawa ta inda kowane karatu ya fara a jikin faifan. Minti ɗaya na sautin CD ya kai megabayit 10. Wanda ya ga karatun awa guda ya kwafu kafin ya ɗauke hannu, ai ya kamata ya tsargu. Bai ko kunna ɗaya ya saurara ba!

Akwai wasu folda biyu kuma, da Windows Media Player aka yi su, sun fito a WMA, tabilet ɗin Hajiya kuwa ba ta karanta shi. Kafin su zo wurina sun biya wajen wani mai gyara. Ya goge .wma ya rubuta .mp3, da ta ƙi sai ya ce manhajar ce ta lalace, ya yi mata filashin. Hotunan jikoki duk suka tafi. Na mayar da sunayen yadda suke, na sa VLC, muryar Malam ta fito. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambayi sauran.

Na tambayi jikan ina fayafayan. Ya sunkuyar da kai. An ce an gama da su, yara suka ɗauka suna wasa, sauran suka bi shara. Kaset ɗin ma babu. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bakwai ɗin nan ba mai iya dawo da su, ko ni ko wani."

Sauya suna ba ya sauya fayil. Ƙin kunna waƙa ba dalilin filashin ba ne. Faifai ba a jefar da shi.

Masu turi, ku ji tsoron Allah. Ku tatso a MP3, kbps 192 ko sama, don kusan babu na'urar da ba ta karanta shi. Abin da ba shi da madadi ku ajiye kwafinsa a FLAC ko WAV. Ku daina juya WMA zuwa MP3 in faifan yana nan, inganci kuke zubarwa. Wasu tsofaffin WMA ma akwai kulle a jikinsu, VLC ba zai buɗe ba. In iPad ce, ba ta karanta WMA sai da manhaja irin VLC.

Ku kuma masu kawowa, kada ku bar shago sai an kunna muku a kan na'urarku, farko da tsakiya da ƙarshe, kowace folda. Ku duba nauyin fayil, in kun ga kilobayit 1 ba a yi komai ba. Faifan kuma ku mayar da shi cikin kwalinsa ku ɓoye inda hannun yara ba ya kai.