Darasi: Yadda Ake Rajistar Jaridu, Na Takarda da Na Cikin Waya

Littafi sau ɗaya ake rubuta shi, a buga, shi ke nan. Jarida da mujalla kuwa ba su ƙarewa: ta yau ta fito, ta gobe tana tafe. Shi ya sa ma'aikatan ɗakin karatu suke yi musu rajista ta daban.

Jaridar Hausa ta daɗe. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta. A nan Nijar ma, bayan an soma yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, an riƙa buga ƙananan jaridu da harsunanmu domin waɗanda suka koyi karatu. Amma wanda ya je neman tsofaffin jaridun nan a ƙauye yau zai sha wuya. Wasu gara ta cinye, wasu ruwan damina ya jiƙe, wasu an naɗe ƙosai da su. Waɗanda suka tsira ma, in ba a rubuta inda suke ba, wa zai gano su?

Yanzu kuma jarida ta shigo cikin waya. Mutum yana zaune a Tasawa ko Mayahi, ko a Kanambakashe, Korgom ko Maijirgi, sai a turo masa jaridar Le Sahel ta Yamai, ko Aminiya ta Najeriya, ta WhatsApp. Wannan ma tana ɓata: waya ta lalace, ko a goge saƙo, ko adireshin intanet ya daina buɗewa.

Abin da ake rubutawa

A sami babban littafin rajista mai kauri. Kowace jarida a ba ta shafinta. A saman shafin a rubuta abubuwa shida, a jere, kullum iri ɗaya:

1. Sunan jarida, yadda yake a goshinta, ba ragi ba ƙari.
2. Mai bugawa da garin da ake bugawa.
3. Harshen da aka rubuta ta da shi.
4. Yawan fitowarta: kullum, mako-mako ko wata-wata.
5. Irinta: ta takarda ce ko ta intanet.
6. Lambar ISSN, in tana da ita.

Misali: Sahel Dimanche. Mai bugawa ONEP, Yamai. Faransanci. Mako-mako. Ta takarda.

A ƙasa sai a ja layuka. Duk fitowar da ta iso, a rubuta lambarta da ranar da aka buga ta da ranar da ta zo hannu. In an karɓi ta 12 da ta 14, ta 13 ba ta zo ba, a bar layinta, a rubuta «babu» da fensir. Ran da aka same ta sai a goge. In jarida ta sake suna, a buɗe mata sabon shafi, a rubuta tsohon sunan a gefe.

Mene ne ISSN?

Lamba ce mai alƙaluma takwas, huɗu da huɗu, da ɗan gajeren layi a tsakiya. Wani lokaci na ƙarshen yakan zama harafin X. Tana kama da lambar katin ɗan ƙasa: suna yana iya zuwa ɗaya, lamba ba ta zuwa ɗaya. Babbar cibiyar da ke kula da ita tana birnin Paris na ƙasar Faransa. A riƙe wannan da kyau: jarida guda in tana fitowa a takarda da kuma intanet, kowane iri da lambarsa. Saboda haka shafi biyu za a ba ta.

Ta intanet tana da ƙarin aiki. A rubuta adireshinta harafi bayan harafi, da ranar da aka buɗe shi aka ga yana aiki. In an sauke ta a waya, a sa mata suna mai ma'ana: sunan jarida, shekara, wata, rana. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a waya, ɗaya a ƙaramin katin ajiya wanda zai kwana cikin akwatin ƙarfe tare da rajista.

Manyan ɗakunan karatu na duniya ma haka suke yi, sai dai su a kwamfuta. Suna bin wani tsari mai suna MARC, wanda aka ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1960. Kowane bayani da lambar gidansa: 245 gidan suna, 022 gidan ISSN, 856 gidan adireshin intanet. Dalilinsu da namu ɗaya ne: in kowa ya rubuta iri ɗaya, wanda ya gaje shi ba zai ruɗe ba.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta jarida da littafi?
2. Alƙaluma nawa ne a lambar ISSN?
3. Me za a rubuta in wata fitowa ba ta zo ba?

Ƴan'uwa maza da mata, ku zaɓi mutum biyu a ajinku, masu kyan rubutu da riƙon amana, ku damƙa musu rajista. Ku fara da jaridun da ke hannunku a wannan mako, ko da guda uku ne.