Maƙeran Da Ke Cikin Jini

Idan sanyi ya wuce, zafin bazara ya kama, mutanen Kankiya da Kusada sukan shiga fargabar sanƙarau. Ba banza ba kuwa. A shekarar 1996 cutar nan ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa.

To, a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗansu da a ke kira ƙwayoyin B. A ɓargo a ke haifarsu. Su ne maƙeran jiki, aikinsu ƙera kibau na harbin ƙwayoyin cuta. Kibiyar da su ke fara ƙerawa ana ce da ita IgM. Tana da amfani, amma ba ta daɗewa.

Maƙerin nan ba ya sake hannu sai an aiko masa. Mai aiken wata ƙwaya ce, ƙwayar T. Sukan gamu a cikin kaluluwa, shi ya sa ta kan kumbura in mutum ya yi rauni. Ƙwayar T ta dafa shi, sa'an nan ta saki wani sinadari mai suna saitokin. A fatar ƙwayar B akwai gurbin da ya dace da kowane irinsa, kamar kuba da makulli. Da sinadarin ya zauna, sai saƙo ya ratsa har cikin cibiyarta. Wani saƙon, watau IL-21, ya sa ta yi ta hayayyafa. Wani kuma ya sa ta sake kyauron kibiya, amma tsinin yana nan yadda ya ke. Ta haka a ke samun IgG mai daɗewa a jini, da IgA da ke cikin miyau da nonon uwa.

Ƙwayar sanƙarau rigar sukari gare ta. Tsohuwar allurar rigakafi sukarin nan kaɗai ta ƙunsa, ƙwayar T kuwa ba ruwanta da sukari. Saboda haka ba a aikowa, kāriyar ta gushe cikin 'yan shekaru, ƙananan yara ma ba ta kama su sosai. Sai masana suka ɗaura sukarin a jikin furotin na allurar tetanas, wanda ƙwayar T ta sani. Wannan ita ce MenAfriVac, wadda aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a Jihar Katsina a 2011.

Sanƙarau irin na A ya kusa ɓacewa. Amma tsinin kibiya abokin gaba ɗaya ya sani. A 2017 irin na C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina.