Kifayen Ado na Teku da Darajar Launinsu

A wurin yawancinmu, in an ce kifi sai hankali ya tafi ga tukunyar miya. Amma a ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Japan akwai mutanen da ke kiwon kifayen teku a cikin ɗakunansu don kallo kawai. Sukan sami akwatin gilashi, su cika shi da ruwa, su zuba gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, watau daidai da ruwan teku, sa'an nan su kula da ɗuminsa dare da rana. Kamar yadda masu tattabaru ke gasar samun launin da wani ba shi da shi, haka waɗannan mutane suke yi da kifi.

Kifin da suka fi so shi ne wani ƙarami wanda Turawa suka sa wa suna mai ma'anar ɗan kama, saboda kwalliyar jikinsa. Yana zaune a duwatsun murjani na tekun Indiya da na Fasifik, a jikin wata halitta mai kama da fure wadda ke harbin sauran kifaye amma ba ta cutar da shi. Launinsa ruwan lemo ne, da ratsin fari guda 3, kowane da baƙin gefe. Wanda ya ga fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya san shi.

To, daga ina launin ke fitowa? A cikin fatar kifi akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da launi, waɗansu baƙi, waɗansu ja ko rawaya, waɗansu kuma masu ƙyalli. Yadda za su jeru abin gado ne daga uwa da uba. Wani lokaci sai a sami ɗan canji a cikin gadon, kifi ya fito daban da danginsa, kamar dai yadda akan haifi zabiya. A gaɓar Darwin ta Ostareliya akwai irin da ke rikiɗewa ya zama baƙi ƙirin in ya girma, sai farin ratsin kaɗai ya rage.

Akwai kuma wanda wani kamfanin kiwon kifi na Fulorida ya yaɗa, aka sa masa suna Picasso, sunan shahararren mai zanen nan na Sifen, domin ratsinsa a karkace yake, ya haɗe nan ya rabu can. In aka haɗa Picasso biyu, kimanin kashi 1 cikin 4 na 'ya'yansu kan fito fari fat, rabi su gado iyayensu, sauran kuma su koma kamar kakanninsu. Wannan shi ne lissafin da Gregor Mendel ya bayyana a 1866 bayan gwajinsa da waken Turawa, wanda muke koya a darasin kimiyyar halittu.

A 2010 wani masunci a Papua New Guinea ya kamo wata kifanya ja mai duhu, farin jikinta ya tsattsage kamar walƙiya. Aka kai ta Amurka, aka sama mata abokin zama, ta yi ƙwai, waɗansu 'ya'yanta suka fito da zanenta. Na farkon sun yi tsada ƙwarai, masu kuɗi suka yi ta rububinsu. Da jikoki suka yawaita sai farashi ya faɗi warwas. Ashe ƙarancin abin ne ake saye. Kyaun yana nan yadda yake, kuɗin ne ya gudu.

Sai dai fa kwaɗayi mabuɗin wahala. A Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanayid a cikin murjani don kifi ya sume su kama shi da rai. Da yawa sukan mutu a hanya, murjanin da ke ciyar da masuntan garin kuma ya lalace. A Janairun 2021 kotu a Hawai ta dakatar da kamun kifayen ado don sayarwa, nan take farashin wani kifi rawaya na yankin ya yi tashin gwauron zabo. Masu kiwo ma ba su tsira ba, domin yawan haɗa 'yan'uwa na jini don neman launi kan jawo 'ya'ya masu karkataccen baki ko naƙasasshen jiki. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Duk da haka kiwo ya fi kamu alheri. Kifin da aka ƙyanƙyashe a akwati ya saba da abincin gida, ya fi jure zama, kuma ba a raba teku da kowa ba. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in mun ga abin da ake rububi a kansa, mu tambayi kanmu me ya sa ya yi tsada, kuma wa ya yi asara kafin ya iso kasuwa. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.