Yadda Ake Zaɓar Garkuwar Ƙasan Mota Don Hanyoyin Karkarar Jigawa

Motar da ke barin kwalta a Kiyawa ko Jahun ta nausa ƙauyuka, cikinta ne ke shan wahala. Hilux ce, ko Prado, ko Land Cruiser, ko L200, duk ɗaya: a ƙarƙashinta akwai kaskon baƙin mai, da giyabos, da akwatin ogzilari mai rarraba ƙarfi ga ƙafafu huɗu, da tankin mai, kuma kowannensu bugu ɗaya mai kyau ya ishe shi. Kaskon baƙin mai ya fi kowa rauni. Da zarar ya tsage, mai ya tsiyaye, injin da aka ci gaba da tuƙawa ba ya daɗewa yake kamawa. Idan kayan gona ne a bayan motar, asarar kuɗi ce. Idan kuwa mai naƙuda ce aka ɗauko za a kai asibitin Jahun cikin dare, magana ta wuce ta kuɗi. Shi ya sa ake sa wa cikin mota garkuwa, wato farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin shasi don ya karɓi dukan.

Kafin a je wurin mai walda, a fara da hanya. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, su je su ce a yanko musu ƙarfe mafi kauri, alhali ƙasar tsakiyar Jigawa ba iri ɗaya ba ce. A kewayen Dutse, da kudu wajen Birnin Kudu da Gwaram, akwai fa da duwatsu masu leƙowa a tsakiyar hanya, can ne ake samun duka mai kaifi. Daga Kiyawa aka yi arewa zuwa Jahun, yashi ne da tuddai. Wajen Miga da Ringim kuma, inda kogin Haɗejiya ke malala, fadama ce: taɓo da damina, da rani kuma laka busasshiya mai tauri wadda sawun taya ya daskare a cikinta. A yawancin waɗannan hanyoyin ba dutse ne babban abokin gaba ba. Tudun tsakiyar hanya ne, wanda tifa da tarakta da amalanken shanu suka bari bayan sun haƙe gefe biyu. Sai kututturen da ciyawa ta rufe, sai bakin kwalbatin da ruwa ya zaizaye ya bar kankare da rodi a fili, irin waɗanda ambaliyar 2022 ta bari a wurare da dama. Mai bin dutse kauri yake nema. Mai bin yashi da laka kuwa yana neman faranti mai santsi, marar nauyi, wanda ba zai rage wa motar tsayi ba. Ka zauna ka lissafa inda motar ta fi zuwa a shekara, ba inda ta taɓa zuwa sau ɗaya ba.

Daga nan sai a hau rami a gareji, ko a ɗaga motar a kan abin da zai riƙe ta da kyau. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A wanke cikin, a haska fitila, a karanta tabon da hanya ta bari. Inda fenti ya goge, inda ƙarfe ya lotsa, inda kan noti ya cinye, nan ne motarka take taɓa ƙasa, kuma wannan shaidar ta fi shawarar kowane mai sayarwa. Za ka ga garkuwar da kamfani ya sa, galibi siririn ƙarfe ko roba. Tana tare tsakuwa da feshin ruwa, amma ba za ta ɗauki nauyin mota a kan dutse ba. A motocin da suka daɗe a hannu ma sau da yawa babu ita, an cire ranar juyen mai an jingine ba a mayar ba. A ɗauki tef a auna tazarar ƙasa da kowane sashe, motar na kan daɓe kuma da irin lodin da ta saba ɗauka, a rubuta. Za a koma ga wannan awon a ƙarshe.

Sai tsara abin da za a fara rufewa, domin ba kowa ke da kuɗin rufe ciki gaba ɗaya ba, kuma ba kowa ke buƙata ba. Na farko gaba: daga ƙasan lagireto zuwa bayan kaskon baƙin mai. A Hilux da Prado, inda kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, akwatin giyar ƙafar gaba a jikin shasi yake, don haka faranti ɗaya ko biyu kan rufe su tare. Na biyu giyabos da akwatin ogzilari, waɗanda ke tsakiyar mota, daidai inda ciki ke zama idan ana tsallake tudu. Na uku tankin mai, musamman ga mai bin gonaki inda kututture ke da yawa. Akwai wuri ɗaya da farantin shasi ba ya kaiwa, shi ne tulun da ke tsakiyar aksul na baya. Aksul yana hawa yana sauka tare da tayoyi, kuma galibi shi ne ya fi kusa da ƙasa. Kariyarsa daban ake ɗaura ta a jikinsa, amma mafi yawan direbobi abin da ke tsare musu shi shi ne sanin inda yake da iya ɗora taya a kan tudu maimakon bin rami.

Yanzu ƙarfen kansa, inda gardama take. Zaɓi biyu ne na gaske: baƙin ƙarfe ko alminiyom. Lissafin nauyi ba ya ƙarya. Farantin baƙin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, idan kaurinsa milimita 3 ne, yana kai kilo 23 da rabi. Mai milimita 4 ya ɗan haura kilo 31, mai milimita 6 kuma kilo 47. Alminiyom mai milimita 6 kilo 16 ne kawai. Wanda ya rufe cikin motarsa da irin wannan faɗin sau biyu da ƙarfe mai milimita 6 ya rataya mata kusan buhun gero guda, wanda ba ta sauke shi dare da rana. Kuma yawancinsa a gaba yake: sifirin ya zauna, shokozoba ya gaji da wuri, hancin mota ya sunkuya, a yashin Jahun kuma hancin da ya sunkuya shi ke fara nutsewa. Ka ga garkuwar da aka sa don kare ciki ita ce ta ƙara kusantar da shi ƙasa.

Alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe kuma ba shi da nauyi, sai dai yana da tsada, dutse yana cizonsa maimakon ya zame a kai, kuma idan ya tsage sai mai walda na musamman, wanda ba a kowane gari ake samu ba. Baƙin ƙarfe kuwa duk inda ya lotsa, ko a Shuwarin ko a Sara, akwai wanda zai kwance shi ya buge da guduma ya mayar. Saboda haka ra'ayina ga motar aiki a wannan yanki shi ne baƙin ƙarfe mai milimita 3, a ƙara zuwa 4 a farantin gaba idan motar tana yawan bin duwatsun Birnin Kudu da Gwaram. Abin da ke ba faranti ƙarfi ba kauri kaɗai ba ne. Mai milimita 3 da aka lanƙwasa gefunansa, aka yi masa ƙashin baya ta ciki, ya fi mai milimita 5 da aka bari shimfiɗe jure duka. A guji falle mai ƙuraje irin na matakala, ko a juya ƙurajen sama, domin fuskar da ke kallon ƙasa santsi ake so ta yi. Ƙarfen durom da na tsohuwar ƙofa kuma ba su da wurin zama a nan. Idan za a sayo falle a Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da ma'aunin kauri a auna da hannu kafin a biya.

Wanda ya sami garkuwar da aka ƙera a masana'anta, ya tabbatar ta samfurin motarsa ce da shekararta da irin injinta, don Hilux ta 2010 da ta 2018 ba shasi ɗaya gare su ba. Wanda za a ƙera masa a gida, ya sa a fara yanka kwali a gwada a jikin motar har ya zauna daidai, sannan a sa wa ƙarfe wuta.

Wurin ɗaurawa ne aiki ke kyau ko ya lalace, kuma a nan ba na sassauci: kada a yi waldar garkuwa a jikin shasi. Zafin walda yana raunana shasi, wutar tana iya ƙona kwamfutar mota, tartsatsi kusa da tankin mai kuwa kowa ya san ƙarshensa. Ban da haka, abin da aka liƙe da walda sai an yanke shi duk ranar da bakanike zai taɓa giyabos, kuma daga ranar ba ya komawa. A yi amfani da ramukan noti da kamfani ya riga ya bari a shasi da gadojinsa. A nemi noti mai lamba 8.8 a kansa, a sa washa mai faɗi, a kuma ɓoye kan notin a cikin lotsi ko a kewaye shi da zoben ƙarfe, in ba haka ba dutse zai cinye kan har sifana ta kasa kamawa. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin faranti da kaskon baƙin mai, saboda inji yana rawa a kan kujerunsa, kuma farantin da ya manne da kasko isar masa da dukan zai yi. Leɓen gaba a tanƙwara shi sama don ya hau kan abu maimakon ya caka. Inda faranti biyu suka haɗu, bakin na gaba ya kwanta a ƙarƙashin na baya, yadda babu baki buɗe da zai kamfaci ƙasa idan mota na tafiya.

Kada a manta da huji. Ana buƙatar ƙofar juye baƙin mai da ta kai hannu ga filta, domin garkuwar da sai an sauke ta kafin juye, wata rana za a bar ta a gareji. Ana buƙatar hujin da ruwa da yashi za su fita. Ana kuma buƙatar hanyar iska, don a watan Afrilu zafin Dutse yana haura digiri 40, kuma farantin da ya toshe ƙasan lagireto ko ya lulluɓe giyabos ruf zai sa allurar zafi ta tashi a cikin yashi, inda inji ke aiki da ƙarfi mota kuma na tafiya a hankali. Salansa a bar mata sarari sosai. A shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje kafin a ɗaura.

Bayan an gama, a sake ɗaukar tef a gwada da awon farko. Idan tsayi ya ragu da fiye da yatsa ɗaya ko biyu, a gyara maɗauran. A tayar da inji, a sa giyar gaba da ta baya ana taka birki, a saurara ko wani abu na gugar wani. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. A yi tafiyar yini guda a hanyar burji, a dawo a sake ɗaure kowane noti.

Sauran aikin na direba ne. Da damina, laka tana taruwa a saman faranti, ta riƙe danshi ta ci ƙarfe, don haka a riƙa cusa ruwa ana wanke ta. Da kaka zuwa hunturu haɗarin ya fi girma: karan gero da harawa da busasshiyar ciyawa suna cushewa tsakanin faranti da salansa mai zafi, kuma haka mota ke kama wuta a tsakiyar gona. Duk wanda ya ratsa gona ko makiyaya ya tsaya ya leƙa, ya zare abin da ya maƙale. Idan kuma ciki ya daki wani abu da ƙarfi, ko da garkuwa, a tsaya a duba ƙasa ko akwai ɗigon mai. In jar fitilar baƙin mai ta kama, a kashe inji nan take, a nemi mai ja.