DARASI NA TARA: Kallon Namun Daji da Rubutun Siffantawa

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Daura ya san giwa da zaki da ɓauna tun yana ƙarami, amma a bakin kakarsa ya san su, cikin tatsuniya da karin magana. Dazuzzukan da ke tsakanin Daura da Ɓaure da Zango sun daɗe da zama gonakin gero da wake, manyan namun daji kuma sun ƙaurace musu. Illar wannan ga harshe ita ce, sunayen suna nan, abin da suke nufi kuwa yana dusashewa. Wannan darasi zai duba yadda ziyarar ilimi zuwa gandun daji ke taimaka wa ɗalibi ya haɗa suna da mai sunan, sa'annan ya siffanta shi a rubuce.

Gandun da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne na Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun ƙasa a 1991, kafin a mayar da shi hannun gwamnatin jihar a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Bas ɗin da ya taso daga Daura da asuba kan bi ta Kazaure da Kano zuwa Bauchi, ya ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji, har ya sauke fasinja a masaukin Wikki. Tafiyar yini guda ce cur.

Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, domin a sa'an nan ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Akan fita da sassafe ko da la'asar, cikin mota tare da jagora, ba a kuma sauka sai da izininsa. A nan ne aikin ɗalibi yake farawa. Mai gaggawa zai rubuta, “Mun ga bareyi da yawa.” Wannan jimla ba ta gaya wa mai karatu komai ba, kuma akasari ma ba gaskiya ba ce, domin Bahaushe bai tara waɗannan dabbobi ƙarƙashin suna ɗaya ba. Gwanki babba ne kamar doki, fuskarsa da baƙi da fari, kunnuwansa dogaye, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya. Kanki kuwa doguwar fuska gare shi, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tudu, sai ka ga bayansa ya gangara. Gwambaza tana da gashi buzu-buzu, ba ta nisa da ruwa, kuma namijin ne kaɗai mai ƙaho. Mazo ƙarami ne, ja, mai ratsin fari da ɗige-ɗige, ya fi son kaɗaici a cikin sarƙaƙiya. Maharbin da ya riƙe waɗannan sunaye huɗu ba don ƙawa ya riƙe su ba. Kowane suna na ɗauke da sanin inda dabbar take kwana da yadda take gudu.

Bayan sifa sai motsi, kuma Hausa tana da wadatar amsa-kama don wannan. Gadu kan durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba in zai ci, in ya firgita ya zura da gudu, wutsiya a miƙe ƙyam. Gwaggon biri ba ya buƙatar nema, shi ke zuwa har bakin masauki yana fizgar abinci. Giwa fa? Garken Yankari na cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya, amma ana iya yini ba a gan shi ba. Wanda bai dace ba, sai ya siffanta sawun da ya gani a laka, da rassan da aka kakkarya, da kashin da ke tururi. Wannan ya fi ƙirƙiro zakin da ba a gani ba, kuskuren da malamai kan tarar a rahoton ɗalibai duk shekara.

Aikin Yi

1. Tambayi wani tsohon mafarauci a garinku sunayen namun daji goma da ya taɓa gani a ƙasar Daura, da inda ya gan su.
2. Kawo karin magana biyar masu ambaton namun daji, ka bayyana halin dabbar da kowanne ya dogara a kai.
3. Siffanta dabba ɗaya cikin sakin layi guda ba tare da ambaton sunanta ba, ka karanta wa aji su gano ta.