AWO KAFIN ADO: DARASI A KAN SUTURAR DA TA YI WA JIKI DAIDAI

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya suturta mu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da kowaccenmu ke fuskanta kullum safiya, wato abin da za ta sa a jikinta. In ana maganar sutura a Islamiyya, galibi akan tsaya ga hijabi da tsawonsa. In kuma ana maganar kwalliya a gidan biki, sai a tsaya ga kuɗin atamfa da sunan leshi. Akwai tambayar da ta faɗa tsakani aka manta da ita: shin kayan sun yi wa mai su daidai, tana kuma sakewa a cikinsu? Hausawa na cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma tsada ma ba ta ado in awo ya ɓaci. Sau nawa kika ga mace da leshi mai tsada tana ta jan riga, tana gyara zani, ta kasa zama ta kasa tashi, ga wata gefenta da atamfa mai sauƙin kuɗi amma ta zauna mata ɗas, kowa sai ya sake kallonta?

MATSAYIN ADDINI

Alƙur'ani mai girma ya nuna mana amfanin tufafi guda uku. A Suratul A'arafi, aya ta 26, an ambaci rufe al'aura da kuma ado. A Suratun Nahli, aya ta 81, an ambaci riguna masu kare mutum daga zafi. Ke nan sutura, ado da kariya tare suke tafiya. Tufafin da ya rasa ɗaya daga cikinsu bai cika aikinsa ba.

Son kyakkyawar shiga ba laifi ba ne. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) da Imamu Muslim ya ruwaito, wani mutum ya yi tambaya a kan wanda ke son rigarsa da takalminsa su yi kyau, sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa wannan ba ya cikin girman kai, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Sai dai an sa iyaka ta ɓangare biyu. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Usama ɗan Zaid (RA) wani tufa na ƙasar Masar, shi kuma ya ba matarsa. Da Annabi (SAW) ya ji haka sai ya umarce shi ya ce mata ta riƙa sa wata riga a ƙarƙashinsa, don gudun kada ya bayyana surar jikinta. Malamai sun kafa hujja da wannan wajen hana tufafin da ke manne wa jiki a gaban waɗanda ba muharramai ba. A ɗaya ɓangaren, lokacin da Ummu Salama (RA) ta yi tambaya a kan tsawon tufafin mata, an yi musu izinin sakin taƙi ɗaya, da ta nuna ƙafafu za su bayyana aka ƙara zuwa kamu ɗaya, aka ce kada a wuce haka. Kin ga ashe awo ba baƙon abu ba ne a addini.

MATSATTSE DA BURMEME

Matsattsen ɗinki ya fi yawa ga 'yan mata da amare. Bayan matsalarsa ta shari'a, yana da illa ga jiki. Rigar da ta kama ƙirji da hammata tana hana iska shiga, zufa ta kwanta, ƙurajen zafi su feso, wani lokaci fatar ƙarƙashin nono ko matsematsi ta saɓule ta yi ta ƙaiƙayi. Siket ɗin da ya shaƙe ƙugu yana takura ciki bayan an ci abinci, ga mai juna biyu kuwa abin ya fi muni. Sannan ki duba sallah: mace ta zo ruku'u tana tsoron ɗinki ya ɓalle, ta zo zaman tahiya siket ya hana ta naɗe ƙafa. Ina natsuwa a nan?

Burmemen ɗinki shi ma ba shi ne mafita ba. Wasunmu sun ɗauka duk yadda kaya suka yi yawa haka taƙawa ta yi yawa. Rigar da kafaɗarta ta zubo, wuyanta kan buɗe in an sunkuya, a ga abin da ake son ɓoyewa. Hannun riga mai faɗi da yawa yana shiga miya, yana kuma iya lasar wuta a bakin murhu. Hijabin da ya yi jan ƙasa fiye da kima na iya shiga tayar kabu-kabu ya fizgo mace ƙasa, ita da goyonta. Duk mai hawa babur daga Fakku zuwa Kebbe ko Tambuwal ta riƙa tattare hijabinta da zaninta a cinya kafin a tashi.

Abin nema shi ne daidai ruwa daidai tsaki: kaya su zauna a kafaɗa da wuya, su saki a ƙirji da mazaunai, su tsaya inda ba za su harɗe ƙafa ba.

YADI DA YANAYIN GARINMU

Mu a ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne da ƙura. Yadin da ya dace da mai zama a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba lallai ya dace da mai surfe da daka da ɗebo ruwa ba.

Bambancin yana cikin zaren. Auduga na shan danshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta, shi kuwa zaren roba da ake kira foliyesta bai kai ko kashi 1 ba. Shi ya sa rigar auduga ke tsotse zufa, ta roba kuwa ta bar ki jiƙe, wari ya biyo baya. Wani abin lura kuma, in wuta ta taɓa yadin roba narkewa yake yi ya manne wa fata, ƙunar ta yi zurfi. Don haka kayan shiga madafa su zama na auduga masu ɗan kauri, hannunsu kuma ya zama tsukakke.

Iyayenmu sun san zanen saƙi da gwado na audugar gida. Bayan nan aka samu masaƙun zamani, kamar masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957, ta kuma daina aiki a 2002. Tun da masaƙun Arewa suka durƙushe, yawancin atamfar da ke zuwa mana daga Kantin Kwari na Kano da kasuwar Sakkwato daga waje take, musamman ƙasar Sin, wata auduga ce zalla, wata gauraye, wata kuma roba ce da aka buga wa zanen atamfa. Ga hanyar ganewa: zaro ɗan zare daga bakin yadin ki kunna masa ashana a wuri mai aminci. Auduga za ta ci wuta da warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa za ta nannaɗe ta narke ta bar ɗan dunƙule mai tauri.

Ki kuma tuna auduga kan ɗan tsuke a wankin farko. In da hali a jiƙa yadin a shanya kafin a kai wa tela, musamman yadin hijabi da na kayan makaranta.

YADDA AKE ƊAUKAR AWO

Tef ɗin awo ba shi da tsada, ya kamata kowane gida a same shi. Yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa da muka saba saye kuwa yadi 6 ne. Ki nemi 'yar uwarki mace ta auna ki, kina tsaye sak, sanye da shimi ko riga marar kauri, ba tare da kin shanye ciki ba. A rubuta waɗannan:

1. Faɗin kafaɗa, daga ƙashin wannan kafaɗa zuwa wancan ta baya.
2. Zagayen ƙirji, a inda ya fi cika.
3. Zagayen ƙugu, a inda kike ɗaura zani.
4. Zagayen mazaunai, a inda suka fi faɗi.
5. Tsawon hannu da kuma zagayen damtse.
6. Tsawon riga, da tsawon siket ko doguwar riga har idon sawu.

Wannan awon jiki ne, ba shi ne awon riga ba. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka dole a ƙara sarari. Mafi ƙaranci a ƙara inci 2 zuwa 3 a ƙirji da mazaunai don a samu numfashi da zama, kayan fita kuwa a ƙara fiye da haka yadda ba za su fitar da sura ba. A kafaɗa ne kawai ba a son ƙari, domin ita ke riƙe riga.

In telan namiji ne, ba sai ya taɓa jikinki ba. Ki aika masa da awon a rubuce, ko rigar da ta yi miki daidai ya kwatanta. Ki ce ya bar inci guda na yadi a cikin ɗinkin kowane gefe, saboda jikin mace na canzawa da ciki da shayarwa da shekaru. Awon da aka ɗauka lokacin lefe ba zai yi aiki bayan haihuwa uku ba. A sabunta shi ko sau ɗaya ne a shekara.

Ranar karɓar ɗinki kada ki tsaya ga madubi kawai. Ki gwada a gida: ɗaga hannuwa sama, yi ruku'u, yi sujada, zauna a tabarma, naɗe hannun riga har gwiwar hannu kamar za ki yi alwala. Mai shayarwa ta duba ko za ta iya ba yaro nono ba tare da ta tuɓe rabin jiki ba. In ɗaya ya gagara, a mayar a gyara tun da wuri.

HIJABI, TAKALMI DA KAYAN YARA

Sirrin hijabi yana ga fuskarsa. In ta matse, sai ta bar shaida a goshi da kumatu, har da ciwon kai. In ta yi yawa, sai ta zame baya gashi ya fito, ki wuni hannunki na kai. A auna daga saman goshi a zagayo ƙarƙashin haɓa, sannan a ɗinka. Yadin ya zama marar nauyi amma ba shara-shara ba. Ki ɗaga shi a rana, in kina hango yatsunki sarai ta ciki, to bai yi ba.

Takalmi kuwa a gwada shi da yamma, domin ƙafa kan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Masu ciwon suga su ƙara kula, saboda ƙaramin ƙurji daga matsattsen takalmi na iya zame musu gyambo mai wuyar warkewa.

Sai batun ɗiyanmu. A aji muna ganin yarinya 'yar shekara shida da hijabin da zai yi wa 'yar shekara goma, wai don kada ta yi saurin fin ƙarfinsa. Sai ta yi ta tuntuɓe, ga allo ga jaka, tun tana ƙarama ta ɗauki hijabi abin wahala. Iyaye mata, a ɗinka mata daidai ita, a naɗe ragowar yadin a lafin ƙasa, in ta girma a warware.

SHIGAR DA ZA A SAN KI DA ITA

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan ƙauyuka. Duk matar da ta naɗa jaji takan ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗa a kai. Da an hango ta an san ko wace ce da abin da ke tafe da ita, malfa kuwa kowa ya san amfaninta ga mai doguwar tafiya a rana. Shigar ta dace da aikin, ta kuma zama alamar mutunci.

Haka ya kamata tamu ta kasance. Kowace mace da irin ƙirar da Allah Ya yi mata. Abin da ya karɓi doguwa siririya ba lallai ya karɓi gajera mai jiki ba, ita kuma tana da nata da zai fi yi mata kyau. Wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ki lura da kayan da hannunki ke yawan kai wa in kin buɗe akwati, domin su ne waɗanda jikinki ya yarda da su. Ki duba ɗinkinsu, launinsu da yadinsu, ki riƙe samfuri biyu ko uku ki tsaya a kansu. Da haka ake cewa wance tana da tsarin shigarta, ko ba ta bin kowane yayi.

Wannan zai kuma rage mana asara. Kala biyar da kike sawa kina jin daɗi sun fi ashirin da ke jibge a ƙasan akwati, wasu ma anko ne da aka ci bashi aka yi, aka sa sau ɗaya. Ado na cikin ɗaki domin maigida yana da faɗi a shari'a, a nan ki yi son ranki. Amma ko a nan, matar da ta sake a cikin kayanta ta fi fara'a da walwala.

AIKIN GIDA

Kafin fitowa ta gaba, kowacce ta yi abu uku. Na farko, ta ɗauki awonta ta rubuta ta adana. Na biyu, ta zazzage akwatinta ta kasa kayan kashi uku: masu yi mata daidai, masu buƙatar gyara, da waɗanda ba za su ƙara shigarta ba. Kashi na ukun a wanke a goge a ba mabuƙata, akwai marayu da zawarawa a kowace unguwa da za su yi murna da su. Na uku, ta duba hijabin 'yarta da takalminta.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya ƙawata zukatanmu da tsoronSa, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum warahmatullah.